An kama mutum a Turai da sammacin wata ƙasa: ya amince a miƙa shi, ko ya ja, kuma a wace kotu?

Mutum yana zaune a Holan, ko kuma ya sauka a filin jirgin saman Jamus, sai 'yan sanda su duba fasfonsa su ce akwai sammacin kamu a kansa daga Italiya ko Polan. Ba da jimawa ba zai tsaya gaban alƙali ko mai gabatar da ƙara, kuma cikin tambayoyin farko da za a yi masa akwai wannan: ka amince a miƙa ka? Wannan rubutu na wanda ya tsinci kansa a wannan hali ne, da kuma iyalinsa, domin galibi su ne ke neman lauya da haɗa kuɗi yayin da shi yake tsare.

Sai an fahimci tsarin kafin a iya zaɓe. Tun daga 1 ga Janairun 2004 ƙasashen Tarayyar Turai suka fara aiki da sammacin kamu na Turai, wanda suka amince da shi ranar 13 ga Yunin 2002. A da, tisa ƙeyar wanda ake nema harka ce ta gwamnati da gwamnati a ƙarƙashin yarjejeniyar 1957, minista ne ke da ta cewa a ƙarshe, kuma lamarin yakan ci kusan shekara guda. Yanzu an cire 'yan siyasa daga ciki, hukumar shari'a ce ke aika wa takwararta takarda kai tsaye. Ana iya fitar da sammacin idan laifin da ake tuhuma hukuncinsa mafi tsanani ya kai ɗaurin wata 12, ko kuma idan an riga an yanke wa mutum ɗaurin da ya kai wata 4. Akwai jerin nau'o'in laifi 32, ciki har da ta'addanci, safarar mutane, fataucin miyagun ƙwayoyi, zamba da kisan kai, waɗanda ba a ma tambaya ko laifi ne a ƙasar da aka kama mutum, muddin hukuncinsu a ƙasar da ke nema ya kai shekara 3.

Abin da ya fi ɓata wa iyalai lissafi shi ne wannan: kotun ƙasar da aka yi kamun ba za ta saurari ko mutum ya aikata laifin ko bai aikata ba. Shaidunsa da hujjojinsa na wanke kai ba su da wurin zama a gabanta. Aikinta ta duba ko takardar ta cika ƙa'ida, kuma ko akwai ɗaya daga cikin dalilan ƙin miƙawa da doka ta lissafa. Duk wanda ya zuba kuɗinsa wajen gamsar da wannan kotu cewa ƙazafi aka yi masa, ya kai kuka gidan mutuwa ne kawai.

Hanyoyi biyar ne a gabansa: ya amince a miƙa shi, ya ƙalubalanci miƙawar a kotun ƙasar da aka kama shi, ya nemi a tura tambaya zuwa Kotun Tarayyar Turai da ke Luksemburg, ya kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai da ke Strasburg, ko ya tunkari tushen sammacin a ƙasar da ta fitar da shi. Ta farko ce kaɗai ke rufe ƙofar yawancin sauran. Ragowar ana iya haɗa su, amma kuɗi da lokaci ba sa isa a bi duka da ƙarfi ɗaya, shi ya sa dole a san inda za a ɗora nauyi.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuɗi: kuɗin lauya, na tafinta, na ƙwararru masu rubuta rahoto, da albashin da ke tsayawa yayin da mutum yake tsare. Na biyu lokaci, kuma abin lura a nan shi ne a ina mutum zai kwashe wannan lokacin, a gida bisa beli ko a kurkuku. Na uku ɗorewar sakamako: idan an yi nasara, shin maganar ta mutu ke nan, ko za a sake kama shi a wata iyakar? Na huɗu sauƙin shiga, wato ko mutum zai iya buɗe ƙofar da kansa ko sai wani ya buɗe masa. Na biyar haɗari, abin da za a iya rasawa idan ba a dace ba. A ganina ma'auni na uku ne mutane suka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi nauyi.

Amincewa a miƙa shi

Wannan ita ce mafi arha kuma mafi sauri. Idan mutum ya amince, doka ta ce a yanke hukunci cikin kwana 10, sannan a miƙa shi cikin wasu kwana 10 bayan hukuncin. Ba a buƙatar dogon zaman kotu, don haka kuɗin lauya kaɗan ne. Kuma ba alamar amsa laifi ba ce. Mutum zai iya amincewa a kai shi, ya je can ya musanta tuhumar gaba ɗaya. Ga wanda yake da hujja mai ƙarfi ta wanke kai, isa da wuri gaban alƙalin da zai saurari hujjar ya fi zaman wata uku a kurkukun ƙasar da ba za ta saurare ta ba. Alƙalin can ma yakan lura da cewa mutum bai yi taurin kai ba idan ana batun beli, ko da yake babu dokar da ta tilasta masa.

Haɗarin yana wurare biyu. Amincewar a ƙa'ida ba a janye ta, sai dai a ƙasashen da dokarsu ta ba da dama. Na biyun ya fi girma. Akwai wata kariya da ke cewa ƙasar da ta karɓi mutum ba za ta tuhume shi ko ta ɗaure shi kan wani tsohon laifi dabam da wanda aka rubuta a sammacin ba, sai da izinin kotun da ta miƙa shi. A zaman da ake tambayar amincewa, akan kuma tambayi mutum ko ya yafe wannan kariyar. Tambayoyi biyu ne masu zaman kansu, amma wanda aka kama jiya, bai yi barci ba, yana sauraro ta bakin tafinta, yakan ɗauka abu ɗaya ne ya ce e ga duka. Kada kowa ya sa hannu kafin lauyansa ya bayyana masa yadda dokar wannan ƙasar ta raba su. Na kasa ganin wani amfani da mutum zai samu daga yafe wannan kariya a rana ta farko, tun bai san abin da ke cikin fayil ɗinsa a can ba.

Ƙalubalanta a kotun ƙasar da aka kama shi

Nan ne yawancin gwagwarmayar take faruwa, kuma nan ne ƙasashe suka bambanta ƙwarai duk da cewa dokar Tarayyar ɗaya ce. A Holan kotun Amsterdam ce kaɗai ke sauraron irin waɗannan shari'u, kuma babu ɗaukaka ƙara ta yau da kullum a kan hukuncinta. A Jamus manyan kotunan jihohi ne ke yanke hukunci, daga nan sai dai koke ga kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe. A Faransa da Italiya ana iya zuwa kotun ƙoli bayan hukuncin kotun ɗaukaka ƙara. A Ailan babbar kotu ce ke ji. Wa'adin dai ɗaya ne ga kowa: kwana 60 daga ranar kamu, da ƙarin kwana 30 idan akwai dalili. Sai dai Kotun Luksemburg ta yanke a 2015 cewa cikar wa'adin ba ya kashe shari'ar, kuma shi kaɗai ba ya wajabta sakin mutum.

Dalilan da suka wajabta wa kotu ta ƙi miƙawa uku ne: an yi afuwa kan laifin a ƙasar da aka kama shi, an riga an yi masa shari'a ta ƙarshe kan wannan aikin a wata ƙasar Tarayyar, ko shekarunsa ba su kai na ɗaukar alhakin laifi ba. Waɗannan ba kasafai ake samunsu ba. Waɗanda suka fi amfani a aikace guda uku ne dabam.

Na farko, hukuncin da aka yanke a bayan idon mutum. Idan ba a isar masa da sammacin zaman kotu ba, bai wakilta lauya ba, kuma ba a ba shi damar a sake shari'ar ba, kotu tana iya ƙin miƙa shi. Amma da zarar ƙasar da ke nema ta tabbatar cewa za a sanar da shi hukuncin kuma yana da damar a sake sauraron shari'ar, wannan hujja ta faɗi.

Na biyu, zama a ƙasa. Idan sammacin na zartar da ɗauri ne, kuma mutum ɗan ƙasa ne ko mazauni na haƙiƙa a inda aka kama shi, kotu tana iya ƙin miƙa shi da sharaɗin ya yi zaman kurkukun a nan. Idan kuma na gurfanarwa ne, tana iya gindaya sharaɗin a dawo da shi ya yi ɗaurin bayan shari'a. A 2009 Kotun Luksemburg ta yarda ƙasa ta nemi zaman shekara 5 ba yankewa daga 'yan sauran ƙasashen Tarayyar kafin su ci wannan moriya. A watan Yunin 2023 kuma, kan wata tambaya da kotun tsarin mulkin Italiya ta aika, ta ce ba za a hana baƙin da suka fito daga wajen Tarayyar wannan dama kai tsaye ba tare da an duba yadda suka kafu a ƙasar ba: iyali, aiki, harshe, tsawon zama. Ga baƙon da ya shekara da shekaru da mata da 'ya'ya a wuri ɗaya, wannan ita ce hujja mafi amfani da yake da ita. Ba ta goge ɗaurin, amma 'ya'yansa za su iya ziyartarsa, kuma zai fito a inda rayuwarsa take. Takardun haya, na biyan haraji, na makarantar yara da na wurin aiki su ne makamansa, kuma iyali za su iya tattara su tun daga ranar farko.

Na uku, haƙƙin ɗan'adam. Asalin dokar 2002 ba ta lissafa shi a fili cikin dalilan ƙi ba, domin an gina ta ne a kan cewa kowace ƙasa ta yarda da kotunan 'yar'uwarta. A watan Afrilun 2016, kan tambayar da wata kotun Bremen da ke Jamus ta aika game da kurkukun Hungari da na Romaniya, Kotun Luksemburg ta buɗe ƙofa da gwaji mai mataki biyu. Da farko a nuna, da rahotanni ingantattu na kwanan nan, cewa akwai matsala ta gaba ɗaya a kurkukun ƙasar. Sannan a nuna cewa shi wannan mutumin, a kurkukun da za a ajiye shi, zai fuskanci wulaƙanci. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne fili: ƙasa da murabba'in mita 3 ga kowane fursuna a ɗakin haɗaka yana nuni mai ƙarfi ga cin zarafi. A Yulin 2018 aka faɗaɗa gwajin zuwa 'yancin alƙalai, kan tambayar babbar kotun Ailan game da Polan. Mataki na biyu ne ke kayar da mafi yawan masu ƙara. Kotu takan dakata ta nemi ƙarin bayani, ƙasar da ke nema ta aiko da alkawarin cewa za a ajiye shi a kurkuku kaza mai fili isasshe, sai a miƙa shi. Sau da yawa abin da mutum ke samu ke nan: ɗaki mafi kyau, ba 'yanci ba. Wannan ma riba ce ta gaske ga wanda zai kwana shekaru a wurin, amma a san abin da ake saye da kuɗin lauya.

Ta fuskar kuɗi, a kusan dukkan ƙasashen Tarayyar wanda aka kama yana da haƙƙin lauya, da tafinta kyauta, da tallafin gwamnati idan ba shi da hali. Matsalar ita ce lauyan da aka ba shi yana iya zama bai taɓa riƙe irin wannan shari'ar ba, kuma fannin na ƙwararru ne. Kwanakin da aka yi a tsare ana cire su daga ɗaurin da za a yi a can, doka ta wajabta hakan. Amma beli mai sharaɗin zama a gida da dare da na'ura a ƙafa, a ƙa'ida ba ya shiga wannan lissafi, kamar yadda Kotun Luksemburg ta faɗa a 2016.

Sai batun ɗorewa, inda wannan hanya take da rauni babba. Idan kotun Beljiyam ta ƙi miƙa mutum, sammacin bai mutu ba. Sunansa yana nan a rumbun bayanan Schengen, wanda 'yan sanda da jami'an iyaka na ƙasashen Turai ke dubawa, kuma da ya taka wata ƙasar za a iya sake kama shi a fara daga farko. Tsohon shugaban yankin Kataloniya na Sifaniya, Carles Puigdemont, misali ne da kowa ya gani: an kama shi a Jamus a watan Maris na 2018, kotun jihar Schleswig-Holstein ta ce za a iya miƙa shi kan almubazzaranci da dukiyar jama'a amma ba kan tawaye ba, Sifaniya ta janye sammacin, daga baya ta sake fitar da wani, aka kuma tsare shi a tsibirin Sardiniya na Italiya a Satumbar 2021. A Janairun 2023 Kotun Luksemburg ta tabbatar cewa ana iya sake fitar da sammaci bayan an ƙi na farko. Wanda ya yi nasara ta wannan hanya yakan zama ba shi da damar tsallake iyakar ƙasar da ta kare shi, wani lokaci shekaru masu yawa.

Tura tambaya zuwa Luksemburg

Mutum ba ya kai ƙara wannan kotun da kansa. Lauyansa yana roƙon alƙalin ƙasa ne ya dakata ya tambayi Luksemburg ma'anar wani sashe na dokar Tarayya. Ƙananan kotuna suna da zaɓi. Kotun da babu ɗaukaka ƙara a bayanta wajibi ne ta tambaya, sai dai idan amsar a bayyane take ko an riga an bayar da ita. Ba a biyan kuɗin kotu, amma aikin lauya yana ƙaruwa. Tambaya ta yau da kullum takan wuce shekara, sai dai tun 2008 akwai tsarin gaggawa ga wanda ke tsare, wanda ke rage jiran zuwa 'yan watanni. A cikin waɗannan watannin yana iya ci gaba da zama a kurkuku.

Amsar tana ɗaure dukkan kotunan ƙasashe 27, don haka a matsayin doka babu abin da ya fi ta ɗorewa. Ga shi mai shari'ar kuwa, ba lallai ba ne. A watan Mayun 2019 kotun ta ce masu gabatar da ƙara na Jamus ba su da cikakken 'yanci daga umarnin minista, saboda haka ba su isa su fitar da sammacin Turai ba. Babban hukunci ne, amma abin da ya biyo baya shi ne alƙalan Jamus suka karɓi aikin suka sake fitar da sammacin da sa hannunsu. Kuma amsar tana iya juyowa kan mai tambaya: a 2011 kotun tsarin mulkin Sifaniya ta tambaya ko za ta iya amfani da kariyar tsarin mulkinta, wadda ta fi ta Tarayya faɗi, don gindaya sharaɗi kan miƙa wanda Italiya ta yanke wa hukunci a bayan idonsa. A 2013 aka ce mata a'a. Wannan hanya ta dace ne kawai idan akwai tambayar doka sabuwa da gaske, wadda amsarta za ta iya karya sammacin daga tushe.

Kai ƙara Strasburg

Wannan kotun ba ta Tarayyar Turai ba ce, ta Majalisar Turai ce mai ƙasashe 46. Kowa zai iya shigar da ƙara da kansa, ba kuɗin kotu, amma sai ya gama bin hanyoyin cikin gida, kuma cikin wata 4 daga hukuncin ƙarshe. Wa'adin ya sauko ne daga wata 6 tun Fabrairun 2022. Shigar da ƙara ba ya tsayar da jirgi. Abin da ke tsayar da shi shi ne umarnin wucin gadi a ƙarƙashin doka ta 39 ta kotun, wanda ake bayarwa idan akwai barazana ta kusa ga rai ko haɗarin azabtarwa. Tun 2005 kotun ta ce bin wannan umarni wajibi ne, amma yawancin buƙatun ana ƙin su, kuma an taɓa samun ƙasar da ta yi biris da shi, kamar yadda Beljiyam ta yi a 2013 da ta miƙa wani mutum ga Amurka.

Tsakanin ƙasashen Tarayya wannan hanya tana da wuya, domin Strasburg tana ɗaukar cewa dokar Tarayya tana ba da kariya daidai da tata, sai an nuna gazawa ƙarara. Sai a Maris na 2021 ta samu Faransa da laifi kan miƙa wani mutum ga Romaniya duk da halin kurkukun can, kuma hukuncin ya zo ne shekaru bayan an riga an tafi da shi.

Idan mai nema ƙasa ce ta wajen Tarayya, lissafin ya canza baki ɗaya. Nan babu sammacin Turai, tsohuwar hanyar yarjejeniya ce, kuma Strasburg tana da haƙora. Tun shari'ar Soering ta 1989 ta kafa cewa ƙasa tana ɗaukar alhaki idan ta miƙa mutum inda zai fuskanci azaba ko wulaƙanci. Birtaniya ba ta miƙa shi Soering ɗin, Bajamushen da ake tuhuma da kisan kai, ga Amurka ba sai da aka yi alkawarin ba za a yanke masa hukuncin kisa ba. A 2012 ta hana Birtaniya mayar da wani malami mai suna Abu Qatada ƙasar Jodan saboda yiwuwar a yi amfani da shaidar da aka samu ta azabtarwa. A Oktoban 2022 ta ce miƙa wani mutum daga Polan zuwa Sin zai saɓa wa haramcin azabtarwa. Ɗan wata ƙasar Tarayya yana da ƙarin kariya daga hukuncin Luksemburg na 2016: idan Rasha, misali, ta nemi ɗan Istoniya da aka kama a Latbiya, sai an fara sanar da ƙasarsa a ba ta damar ta karɓe shi ta yi masa shari'a. Birtaniya kuwa, da ta fice daga Tarayyar, tun 1 ga Janairun 2021 tana ƙarƙashin wata yarjejeniya ta dabam mai kama da sammacin Turai, kuma wasu ƙasashe irin su Jamus ba sa miƙa mata 'yan ƙasarsu.

Tunkarar tushen sammacin a ƙasar da ta fitar da shi

Wannan ce hanyar da aka fi sakaci da ita, kuma ita nake ganin ta fi cancantar kuɗin iyali idan kuɗin ba su da yawa. Kowane sammacin Turai dole ya tsaya a kan wani sammaci ko hukunci na cikin gida. Kotun Luksemburg ta jaddada haka a 2016. Idan na cikin gidan ya faɗi, na Turan ya faɗi tare da shi, a dukkan ƙasashe lokaci guda, kuma a goge sunan daga rumbun Schengen. Babu wata hanya cikin sauran huɗun da ke ba da wannan sakamako.

Dokar Tarayya ta 2013 kan haƙƙin samun lauya ta ba wanda aka kama damar naɗa lauya na biyu a ƙasar da ke nemansa, kuma wajibi ne a sanar da shi wannan dama ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan lauyan shi ne zai iya neman ganin fayil, ya gano ko wa'adin tuhumar ya wuce, ko an ruɗa suna ne, ko tarar da ba a biya ba ce ta rikiɗe ta zama ɗauri. Zai iya roƙon alƙali ya musanya sammacin da abin da ya fi sauƙi: a ɗauki bayanin mutum ta bidiyo a ƙarƙashin umarnin bincike na Turai na 2014, ko a bar shi bisa beli a ƙasar da yake zaune ƙarƙashin sa ido, ko a tura hukuncin ɗaurin can a zartar. A Jamus da Polan akwai ma takardar aminci da kotu ke iya bayarwa, wadda mutum zai zo da kansa ya amsa tuhuma ba tare da an tsare shi ba muddin ya cika sharuɗɗa. Haka kuma shi ne zai samo wa lauyan farko bayanan da yake buƙata game da kurkuku ko yadda aka yi shari'ar bayan ido.

Tsadarta ita ce biyan lauyoyi biyu a ƙasashe biyu, da wahalar samun amintacce a inda iyali ba su san kowa ba kuma ba sa jin harshen. Ba ta da wa'adi, kuma ba ta dakatar da agogon kwana 60 da ke tafiya a ɗaya ɓangaren, don haka ana iya miƙa mutum kafin ta haifar da ɗa mai ido. Idan laifin babba ne kuma hujjoji sun yi ƙarfi, da wuya alƙali ya janye. Ko a hakan aikin bai tafi a banza ba, domin mutum zai sauka ya tarar da lauyan da ya riga ya san shari'arsa.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Amincewa | Kaɗan | Kimanin kwana 20 bisa wa'adin doka | Ba a komawa baya | Mai sauƙi | Yafe kariya ba da sani ba |
| Kotun ƙasar kamu | Matsakaici zuwa mai yawa | Kwana 60 zuwa 90, wani lokaci fiye | A ƙasa ɗaya kawai | Haƙƙi ne | Dogon tsaro, sannan a miƙa |
| Luksemburg | Ƙarin aikin lauya | Watanni | Doka ta ɗore, shari'ar na iya ci gaba | Sai alƙali ya yarda | Amsa ta juyo kanka |
| Strasburg | Ba kuɗin kotu | Kwanaki ga umarnin gaggawa, shekaru ga hukunci | Mai ƙarfi idan an samu | Shigarwa da sauƙi, nasara da wuya | A tafi da mutum kafin hukunci |
| Ƙasar da ke nema | Lauya na biyu | Ba wa'adi | A ko'ina | Yana buƙatar amintaccen lauya | Ba ta tsayar da miƙawa |

Wa ya kamata ya bi wace?

Wanda ake nema don gurfanarwa, yana da hujjar wanke kai, kuma an hana shi beli a inda aka kama shi: ya naɗa lauya a can tukuna, sannan ya amince a miƙa shi, ya riƙe kariyarsa daga tuhumar wasu laifuffuka.

Wanda aka riga aka yanke wa ɗauri, kuma iyalinsa da aikinsa suna ƙasar da aka kama shi: kada ya amince. Ya tsaya a kotun ƙasar ya nemi yin zaman kurkukun a nan, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo mai tsawon zama.

Wanda bai taɓa sanin an yi masa shari'a ba sai ranar kamu: ya ƙalubalanta a nan, lauya na biyu kuma ya binciki yadda aka ce an isar masa da sammaci, ya tabbatar da damar sake shari'a a rubuce kafin a tafi da shi.

Wanda tuhumarsa ƙarama ce ko tsohuwa, ko yake zargin an ruɗa shi da wani: mafi yawan kuɗin su tafi ƙasar da ta fitar da sammacin, lauyan nan kuma ya nemi beli da ɗan lokaci.

Mai ciwo mai tsanani, ko uwa mai ƙananan yara, ko wanda za a kai kurkukun da rahotanni suka nuna cunkosonsa: kotun ƙasar kamu ce wurinsa, da rahoton likita ko bayanan wannan kurkukun takamaimai. Hukunce-hukuncen Luksemburg na 2023 sun yarda a jinkirta miƙawa saboda rashin lafiya mai haɗari, kuma a duba maslahar yara, amma a yanayi na musamman kaɗai.

Wanda wata ƙasa ta wajen Tarayya ke nema, inda ake fargabar kisa, azabtarwa ko shari'ar siyasa: ya bi kotunan cikin gida har ƙarshe, ya gabatar da hujjar haɗarin tun a matakin farko, kuma lauyansa ya shirya takardar neman umarnin gaggawa na Strasburg tun kafin hukuncin ƙarshe ya fito, domin tsakanin hukunci da tashin jirgi kwanaki kaɗan ne. Idan sanarwar Interpol ce ta jawo kamun, a nemi hukumar da ke kula da fayilolinta a birnin Liyon na Faransa ta goge ta, in ba haka ba za a iya sake tsare shi a ƙasa ta gaba ko da ya yi nasara a wannan.